Bayan Mun Wuce Yalamlam

Lahadi, 26 ga Zulƙida, 1371

Mun shigo Makka da hantsi, kwana huɗu a ƙasa daga bakin teku. Alhazai talatin da ɗaya muka ɗauko daga gaɓar Sawakin, talatin da ɗaya muka sauke, bana ba wanda muka bar wa kifi. Kowa sai yabon shugaban jirgin, Rayyis Lurwanu, yake yi, wai gwanin teku ne. Na ce musu ƙwarai kuwa, mijina ne, wa zai ba ni labarinsa.

Gidanmu na Jarwal yana nan, sai dai akuyar maƙwabta ta cinye rabin buhunan danga. Mutum tara sun sauka a tsakar gidanmu, sauran sun watsu wajen 'yan garinsu. Wata tsohuwa, Inna Asiya, ba ta da kowa, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakina.

Akwai abin da ban rubuta ba. Hannuna ya gaji.

Talata, 28 ga Zulƙida

To, bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe wa Lurwanu gani. Yana bambanta haske da duhu, yana ganin mutum kamar kututture, shi ke nan. Ni ce idon jirgin. Babana jagoran jiragen iska ne a Sawakin, bai haifi namiji ba, sai ya zuba mini abin da ke kansa tun ina 'yar shekara tara. Ruwa baƙi-baƙi zurfi ne, kore yashi ne, in ya yi kalar shayi to dutse ne a ƙasa, juya. Ya koya mini kawunan duwatsun Hijaz ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake shafa kitse a gindin dalmar awon zurfi a jefa cikin ruwa, a ga irin ƙasar da ta manne. Mai jirgin ya san ni a matsayin mai dafa wa mata abinci. Ina zuwa goshin jirgi da tukunya kamar zan wanke, in duba, in dawo in raɗa wa Rayyis, shi kuma ya daka tsawa da muryar nan tasa. Awwalu ƙaninsa, mai riƙe sandar tuƙi, shi kaɗai ya sani.

Bana a cikin alhazan akwai Malam Abdulƙadir, shugaban ayarinsu. Tun ranar farko ya ce bai dace mace tana gilmawa tsakanin maza masu niyyar aikin Hajji ba. Lurwanu ya amince, don kada asiri ya tonu. Aka kafa mana tabarma a tsakiyar jirgi, mata a ciki. Na huda tabarmar da tsinke, ta nan nake kallon teku, in aika wa Awwalu magana a cikin kwanon abinci. Mun tsallake da haka, Allah ne kawai.

Al'ada ce in jirgi ya zo daidai da dutsen Yalamlam, rayyis ya yi shela, alhazai su yi wanka su ɗaura harami, domin nan ne miƙatin wanda ya biyo ta kudu. Ba sa ganin komai sai ruwa, maganar rayyis ce miƙatinsu. A ranar, hazon zafi ya rufe duwatsu gaba ɗaya. Alamata ta biyu farin tsibirin yashi ce. Amma tsibiran biyu ne, suna kama da juna, tsakaninsu tafiyar rabin yini. Da dalma ake raba su, na farko yashi zalla, na biyu da ɓawon kodi. Wa zai kawo mini dalma bayan tabarma? Na hango fari ta hudar, na aika cewa mun iso. Aka yi shela, aka yi Labbaika, tsofaffi na kuka.

Kafin la'asar sai ga mashigar gaɓar da za mu sauka, wadda bai kamata mu gani ba sai washegari. Ashe tsibiri na biyun ne na hango. Na farko ya wuce ta ɗaya gefen da ba huda.

Mutum talatin da ɗaya sun wuce miƙati ba harami, kuma ba su sani ba.

Alhamis, 30 ga Zulƙida

Na gaya wa Lurwanu bayan azahar, muna bayan ɗaki. Ya daɗe yana murza gemu. Ya ce, "Wa ya sani?" Na ce ni da Allah, sai Awwalu in ya yi lissafin hanya. Ya ce, "To halas, magana ta ƙare. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ce ai gyara ake yi, a faɗa musu su gyara. Ya ce in an ce rayyis ya ɓata miƙati, za a tambaya yaya aka yi mutumin da ya yi shekara ashirin a hanyar nan bai gane tsibiri ba. Daga nan sai maganar ido. Daga ido sai mai jirgi. "Ke kin taɓa ganin Balaraben da ya ba makaho jirgin sambuki? Ko wanda ya ba mace?"

Ban taɓa gani ba.

Juma'a, 1 ga Zulhajji

Wata ya kama. Mazan tsakar gida suna nan cikin fararen zannuwansu, sun ce ba za su kwance ba sai bayan Arfa. Duk inda na juya fari ne.

Lahadi, 3 ga Zulhajji

Inna Asiya ba ta barin mutum ya yi aiki cikin shiru. Ina tuƙa tuwo tana ba ni labari. Daga ƙasar Katagum suka taso ita da mijinta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sun yi noma a Wadai, sun tsinci auduga a Jazira. Mijin ya rasu a can, ta ce ta rufe shi ta ɗauki sandarsa ta yi gaba. Haƙoranta uku suka rage, kuma da su take cin goro, ban san yadda take yi ba.

Tana tsoron kuskure kamar wuta. Ƙaiƙayi ya dame ta a kai, ta ƙi sosawa kada gashi ya faɗi. Ta ga kwarkwata a zanenta, ta ɗauke ta a hankali ta ajiye a ƙasa. Na yi dariya na ce Inna, har da rakiya? Ta ce, "'Yar nan, shekara goma sha ɗaya na yi ina dafa tuwon nan, ba zan bar ƙuda ya faɗa ciki ranar kwashewa ba."

Sai ta ce Allah ya yi wa Rayyis albarka da ya tsayar da su daidai kan miƙati, ba gaba ba baya. Na ce amin. Tuwon ya yi gudaji, na ɗora wa itace laifi.

Litinin, 4 ga Zulhajji

Zafi. Mai ruwa bai zo ba sai azahar. Na yi wa Awwalu masifa a kan guga, alhali ba shi ya fasa ba.

Talata, 5 ga Zulhajji

Na je inda Malam Abdulƙadir ya sauka, wajen Zahir, da ƙoƙon fura a hannu. Na tsuguna daga bakin ƙofa na ce, Allah gafarta Malam, wata ce ta aiko ni da tambaya. Wanda ya wuce miƙati bai sani ba, ya ɗaura harami daga baya, mene ne hukuncinsa?

Bai ko ɗago ba. Ya ce Hajjinsa yana nan, amma da giɓi, sai ya yanka dabba. In ba shi da hali, ya yi azumin kwana goma, uku a kwanakin Hajji, bakwai bayan ya gama. Na ce in ba a faɗa masa ba fa, har ya mutu? Ya ce to wanda ya sani ya ɓoye, shi ya ɗauki kayan.

Ya sha furar kuwa, har ya ce ta yi daɗi. Na dawo ina ta zaginsa a zuci. Kai ka kafa tabarmar, Malam. Amma ni na aika da maganar ba tare da na tabbata ba. Da na ce ban sani ba, a ɗaura tun da wuri, da ba a yi haka ba. Girman kai ne, 'yar jagora ba ta cewa ban sani ba.

Laraba, 6 ga Zulhajji

Awwalu ya tare ni a bakin murhu. Ya ce shi ma ya gane tun ranar. Ya ce, "Yaya Rumasa'u, ki rufa mana asiri. Jirgin nan shi ne ƙafar Rayyis. In aka raba shi da teku, zama zai yi a bakin danga har ya mutu."

Ƙarya yake? Ba ƙarya yake ba. Na san Lurwanu. A kan jirgi ba ya laluben komai, ya san kowace igiya da tafin hannunsa, yana jin sauyin iska a kuncinsa kafin zanen jirgi ya motsa. A Makka kuwa sai ya ce ƙafarsa ke ciwo don kada ya fita a ga yana karo da jakuna.

Ni ma ina son tekun, in faɗi gaskiya. Wannan ban gaya wa kowa ba. In jirgi ya tafi, ni ma na zama mai tuƙa tuwo kawai, da gaske wannan karon.

Juma'a, 8 ga Zulhajji, Mina

Mun fito da ayarin. Lurwanu ya zauna a gida, wai ƙafa. Inna Asiya a kan jakin wani Bakano, ni ina riƙe da ita. Ta rame ƙwarai, zawo ya kama ta tun shekaranjiya. Duk da haka bakinta bai daina Labbaika ba.

Asabar, 9 ga Zulhajji, Arfa

Na faɗa.

Ban yi niyya da safe ba, wallahi. Muna ƙarƙashin rumfar buhu, rana kamar za ta narka ƙwaƙwalwa. Bayan la'asar kowa ya miƙe yana roƙo. Inna Asiya ta kama hannuna ta ce in taya ta tsayuwa. Ina jin abin da take cewa, ba ta roƙi komai ba, godiya kawai take yi, wai ya Allah ga shi na kawo maka shi cikakke, ban zubar da ko ɗigo ba.

Na zaunar da ita. Na ratsa cikin mazan, ba tabarma yau, na tsaya gaban Malam. Na ce tambayar da na kawo ranar Talata ba ta wata ba ce, taku ce, ku duka. Na faɗi tsibiri biyu, na faɗi huda. Wani ya ce ina ruwan mace da tsibiri, a tambayi Rayyis. Na ce Rayyis ba ya gani, shekara huɗu ke nan, ni na kawo ku.

Sai wani dattijo Bazabarme ya ce inna lillahi, ashe mace ce ta ja mu a teku. Wannan ya fi damunsa da miƙatin. Malam fuskarsa ta yi toka. Ya ce me ya sa ban yi magana a jirgi ba, da an ɗage tabarmar. Na ce Allah gafarta Malam, da ka yarda? Sai ya juya ya faɗa musu hukuncin, dabba ko azumi. A cikinsu mutum biyu ne kawai ke da halin dabba.

Da na koma, Inna Asiya ta riga ta ji. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta dube ni. Ta ce, "Kwana nawa kika yi da shi a ciki?" Na ce goma sha bakwai. Ta ce, "Kina ba ni tuwo da hannun nan?" Na ce e. Ta juya fuskarta wajen dutse. Har rana ta faɗi ba ta ƙara ce mini komai ba.

Lahadi, 10 ga Zulhajji

Sallah. Mun kwana Muzdalifa, mun yi jifa. Maza huɗu suka ɗauki Inna a kan makara irin ta masu ɗawafi, aka kai ta Makka ta yi nata, aka dawo da ita Mina. Warin yanka ya cika kwarin, ƙudaje kamar a kwashe da kwano.

Awwalu ya ji labari. Ya wuce ni kamar bai san ni ba.

Litinin, 11 ga Zulhajji

Ta ɗauki azumin.

Malam da kansa ya zo ya ce mata marar lafiya yana da uzuri, ta bari sai ta warke, ba laifi. Ta ce, "Malam, ka ba ni takardar cewa zan kai wata mai zuwa, sai in sha ruwa yanzu." Ya ce ba shi da ita. Ta ce to.

Na jiƙa zane ina shafa mata a wuya da tafin ƙafa. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba.

Talata, 12 ga Zulhajji

Na biyu. Leɓenta ya tsage. Na roƙe ta, na yi kuka, har na yi mata tsawa, na ce Inna wannan ba ibada ba ce, taurin kai ne. Ta buɗe ido ta ce, "Ji mai magana." Kalma uku ke nan da na samu tun Arfa, kuma na ji daɗinsu.

Da magariba ta sha kunu kaɗan, rabinsa ya dawo.

Da na yi shiru, da yanzu tana zaune tana shan ruwanta tana tsokanar mutane. Wannan tunanin ba ya barina. Na ɗauka in na faɗa zan ji sauƙi. Wa ya ce?

Laraba, 13 ga Zulhajji

Ta cika ukun. Da aka kira magariba na ɗiga mata zamzam, ta haɗiye. Ta ce, "Uku sun shiga. Saura bakwai." Sai ta laluba ta kama wuyan hannuna ta ce, "Ke ce kika tsallake da mu ta huda ɗaya?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ai kuwa kin iya." Ban san ko yafiya ce ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 14 ga Zulhajji

Inna Asiya ta rasu da hantsi a ɗakina, sa'a biyu bayan mun iso gida. Ni na yi mata wanka, ni da matar maƙwabcinmu. Ba nauyi, kamar ɗaurin kara. An sallace ta a Harami bayan azahar.

Asabar, 16 ga Zulhajji

Magana ta riga ta kai Jidda, alhazai ba su iya riƙe baki ba. Wakilin mai jirgi ya zo yau. Bai zauna ba. Ya ɗaga hannu a gaban Lurwanu ya ce, "Kam, ya Rayyis?" wato yatsu nawa. Lurwanu ya ce uku. Biyar ne, hannu a buɗe. Mutumin ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, jirgi ya koma hannun wani daga yau.

Ina bayan ƙofa ina ji. Da ya tafi na fito. Lurwanu yana zaune yadda aka bar shi. Na ce Rayyis. Ya ce, "Kada ki ƙara kirana da sunan nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Lahadi, 17 ga Zulhajji

Awwalu ya tafi Jidda neman aikin dako. Bai yi mini sallama ba.

Talata, 19 ga Zulhajji

Mutanen tsakar gida sun fara watsewa. Wasu suna azuminsu, wasu sun ce sai sun huta. Dattijon nan Bazabarme ya ƙi cin abincina tun Arfa, wai hannun da ya ja jirgi. Yau da zai tafi ya tsaya a bakin danga ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Allah ya saka. Ban gane ko da me yake nufi ba.

A rijiya mata suna nuna ni da baki. Wata ta ce na tona wa mijina asiri don in yi suna. Na ce mata sunan ga shi nan, ta zo ta ɗauka, kyauta ne.

Na tambayi Malam ko ana rama wa mamaci azumin da ya rage masa. Ya ce a wajenmu ba a yi, ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ba ya bin ta komai. Sannan ya ce, "Ni ma da nawa a ciki." A hankali ya faɗa, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

Alhamis, 21 ga Zulhajji

Lurwanu na bakin danga tun safe. Yana juya fuska duk inda iska ta taso. Nan ba ta da wani amfani, iskar, zafi kawai take kawowa. Ina ajiye masa kwano, ya ci, in ɗauke. Kwana biyar ba magana.

Na yi kewar warin kifi da kwalta. Abin kunya.

Litinin, 25 ga Zulhajji

Ba azumi nake yi ba. Malam ya ce ba a yi, kuma na ji. Abinci ne kawai ba ya shiga mini da rana tun Juma'a, ruwa ma haka, zafin nan ne. In an kira magariba sai in ji yunwa. Yau kwana huɗu.

Ɗazu da azahar na kai wa Lurwanu kwanonsa. Ya sa hannu ya taɓa, ya ture shi gefe. Na ce ko gishiri ya yi yawa? Ya ce bai jin ci. Na tsaya. Ya ce, "Ba na jin ƙarar cokalinki kwana huɗu ke nan. Ido ne ba ni da shi."

Na ɗauki kwanon na rufe. Har na kai ƙofa ya ce, "Saura nawa?"

Na ce uku.

Ya ce, "To ki tashe ni da asuba."